Bal Harbour: Ƙauyen Attajirai a Gaɓar Tekun Florida

Bal Harbour ƙaramin gari ne a arewa da Miami Beach, a jihar Florida ta Amurka. Yana kan wani siririn tsibiri, Tekun Atlantika ta gabas, mashigin ruwan Biscayne ta yamma. A hukumance ƙauye ake kiransa, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun ɗan haura 3,000. Amma wanda ya bi titin Collins zai ga dogayen benaye jere a bakin ruwa, da yawansu a kan gurbin wasu gine-gine da aka rushe.

Yawancin benayen nan irin waɗanda ake kira kwandominiyam ne. Mutum yakan sayi sashensa a cikin benen ya zama mallakinsa, ya sayar ko ya bar wa magada. Fili kuwa, da harsashi, da lif, da wurin ninkaya, duk na tarayya ne. Masu gidajen suna zaɓen kwamiti, kowa yana biyan kuɗin wata-wata domin gyara da gadi da inshora. Da yawa daga cikinsu ba mazauna ba ne na dindindin; attajirai ne daga New York da Kudancin Amurka, masu zuwa idan sanyi ya tsananta a arewa ko lokacin hutu.

A 1929 ne wani kamfani ƙarƙashin Robert Graham, mai masana'antar motoci a Detroit, ya sayi eka 245 na wannan wuri, wanda a lokacin yashi ne da fadama. Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da shirin gini. Aka ba sojojin saman Amurka hayar filin a kan dala ɗaya a shekara, bakin tekun ya zama wurin koyon harbi, aka kuma tsare fursunonin yaƙi Jamusawa a can. Bayan yaƙi, a 1946, aka yi wa ƙauyen rajista. A inda sansanin sojan yake ne Stanley Whitman ya buɗe kasuwar Bal Harbour Shops a 1965, wadda yau take cikin kasuwannin kayan alatu mafi tsada a Amurka.

Akwai ɓangaren tarihin da tallan gidaje ba ya ambata, alhali bai kamata a binne shi ba. Shekaru da dama, mallakar gida a unguwar gidajen zama ta ƙauyen sai da zama ɗan kulob ɗin Bal Harbour, shi kuwa kulob ɗin ba ya karɓar Yahudawa da baƙar fata. Sai a 1982 aka janye wannan ƙa'ida. Yanzu Yahudawa na cikin manyan al'ummomin yankin.

Otal-otal ne suka fara fito da sunan wurin. Mafi shahara shi ne Americana, wanda Morris Lapidus ya zana, aka buɗe a 1956. Daga baya ya koma Sheraton, kuma a Nuwamba 2007 aka sa masa nakiya ya zube cikin 'yan daƙiƙoƙi. A gurbinsa St. Regis ta tashi a 2012, benaye uku da suka haɗa otal da gidajen sayarwa. Filin tsohon kulob ɗin da ke bakin teku kuwa, attajirin Ajantina Eduardo Costantini ya saye shi a 2012 kan dala miliyan 220, ya gina Oceana mai hawa 28 da gidaje 240. A harabarta akwai manyan sassaƙe-sassaƙe biyu na Jeff Koons, kuma kowane mai gida yana da kaso a cikinsu, kamar yadda yake da kaso a lif.

Gishirin teku yana cin ƙarfen da ke cikin kankare a hankali, gyara kuma yana cin kuɗi mai yawa. Ranar 24 ga Yuni 2021, benen Champlain Towers South ya rufta a Surfside, maƙwabciyar Bal Harbour ta kudu, mutum 98 suka rasu. A 2022 Florida ta kafa dokar da ta wajabta wa tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama binciken injiniyoyi, ta kuma tilasta wa kwamitoci ajiye kuɗin gyara. Dokar ta zo a kan gaɓa, sai dai nauyinta ya fi faɗawa kan masu tsofaffin gidaje, musamman 'yan fansho. Wasu sukan gwammace su haɗa kai su sayar wa 'yan kasuwa benen ɗungurungum. Haka masu benen Carlton Terrace na Bal Harbour suka yi, aka rushe shi domin gina sabon bene mai suna Rivage.