Santorini: inabin da ke shan raɓa

A tekun Ejiya, cikin ƙasar Girka, akwai wani tsibiri da ake kira Santorini. Wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, dutse mai aman wuta ya fashe, ya binne shi da toka. Cikin wannan toka ne manoma ke shuka inabin Asirtiko, wanda ake matsa farar giya mai tsami da ɗanɗanon gishiri da shi.

Ruwan sama a can bai cika kai milimita 400 a shekara ba, ga iska mai ƙarfi. Don haka manomi ba ya ɗora inabinsa bisa rumfa. Yakan naɗe rassan a ƙasa kamar gammo, ƴaƴan su nuna daga ciki, iska da rana ba su taɓa su ba. Da dare tsakuwar dutsen ta sha raɓar teku, saiwa ta samu abin sha.

A ƙarni na 19, ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabin Turai, amma ya kasa rayuwa cikin tokar Santorini. Shi ya sa wasu saiwoyin suka haura shekara 100. A 1971 hukuma ta kare sunan giyar da doka.

Sai dai abin da ƙwaro ya bari, kuɗi na ci. Baƙi masu yawon buɗe ido sun yawaita, ana sayar da gonaki ana gina otel, samari na barin noma. Ranar da masu iya naɗin suka ƙare, saiwa ba za ta naɗe kanta ba.