Ina littafin bashinki yake kwana?

A kasuwannin Maraɗi da Damagaram, ƴan kasuwa sun fara sa matasa su gina musu manhajar riƙe lissafin kaya da sunayen masu bashi. Sai dai ba mu cika tambayar yaron inda wannan lissafi yake kwana ba.

Galibi yana kwana ne cikin manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon, Google ko OVH, can Turai ko Amurka. Haya ce kamar ta rumfa: gadi, wuta da gyara duk na mai rumfa ne, ke dai Hajiya kuɗin wata za ki biya. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ba sai kin sayi na'ura mai tsada da zafin Afrilu da ƙura za su kashe ba. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta. Wanda ya ajiye na'urarsa a shago ya sha sayen man janareto. Ko gobara ta tashi a kasuwa, Allah ya kiyaye, lissafin yana nan.

Amma rumfar haya ma tana ƙonewa. A watan Maris na 2021 wuta ta cinye wani ginin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu da ba su ajiye kwafi a wani wuri ba sun rasa bayanansu har abada. Mai rumfa kuma yana canza magana: kamfanin Heroku ya daɗe yana ba da wuri kyauta, ya soke shi a Nuwamban 2022. Ga biya da katin banki; na yuro da sauƙi tunda yana tsaye a kusan sefa 656, dalar Amurka kuwa hawa da sauka take. In kuma intanet ya ɗauke, kamar yadda aka rufe na salula kwanaki bayan zaɓen Fabrairun 2021, mai bashi na gabanki amma littafin ba ya buɗuwa.

A ganinmu hayar ta fi wa ƙaramin ɗan kasuwa, bisa sharaɗi biyu. A buɗe asusun da sunanki da lambarki, ba da sunan yaron ba, don ranar da kuka saɓa ko ya tafi ci-rani, mabuɗin yana hannunsa. Sannan duk Juma'a a sauke miki kwafin lissafin a wayarki, sunayen manyan masu bashi kuma a buga su a takarda.