Tsoho ko sabo? Yadda aka gwada lens biyu a bakin ruwan Yauri

IDAN kai ma'abocin kallon waƙoƙin finafinan Hausa ne, ba mamaki ka taɓa cin karo da fitowar da jaruma ke tsaye fes, bayan ta kuwa komai ya narke, ɗigon haske ya koma ƙwallaye kamar kumfar sabulun da yara ke hurawa. Da yawa na ɗauka aikin edita ne. Wani sa'in hakan ne, amma na asalin daga idon kyamara ya ke fitowa, abin da 'yan fim ke kira lens. Kuma lens ɗin da ya fi yin suna da wannan kumfa shi ne Trioplan 100, ɗan ƙasar Jamus.

To, Trioplan ɗin nan iri biyu ne a kasuwa: akwai tsohon, akwai kuma sabon da aka sake ƙerawa da sunan sa. Wanne ya fi? Neman amsar ne ya kai ni Yauri ta Jihar Kebbi, inda na bi wasu matasa da su ka je ɗaukar waƙa a bakin ruwa. Mai ɗaukar hoton su, wani yaro ɗan yankin Shanga wanda ya faro daga ɗaukar bukukuwa, ya aro tsohon a wajen maigidan sa na Kano, furodusan kuma ya yi hayar sabon. Shi yaron ba wasa ya kawo shi ba. Shekara biyu ya yi ya na tari, har babur ɗin sa ya sayar, don ya mallaki lens na kan sa. Abin da ya gani a ranar shi zai nuna masa inda zai zuba kuɗin.

Bari mu ɗan koma baya. Kamfanin Meyer na garin Gorlitz ne ya yi Trioplan, kuma gilasai uku kacal ke cikin sa, bisa wani tsari da wani Baturen Ingila mai suna Dennis Taylor ya fito da shi a 1893. Samfurin da ake rububi a yau an ƙera shi ne a shekarun 1950 zuwa 1960, a tsohuwar Jamus ta Gabas. Ka ga kenan wanda yaron ya aro ya girmi tafkin da mu ka je ɗauka, tunda sai a 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya shafe garuruwa da tsibirai, aka sake wa dubban mutane matsuguni.

Abin mamaki, ita kumfar da ake yabo, asalin ta naƙasa ce. Hasken da ya ratsa ta gefen gilashin da wanda ya ratsa ta tsakiya ba su haɗuwa a wuri guda, shi ya sa duk ɗigon hasken da ke bayan ɗan wasa sai ya yi zobe mai kaifi a baki. Sai an buɗe ƙofar hasken lens ɗin gaba ɗaya, a kan 2.8, ake samun ta sosai. Da ka tsuke zuwa 4 ko 5.6 sai ta gudu. A zamanin sa ba wani lens ne na alfarma ba. Sai da hotunan sa su ka bazu a intanet farashin gwanjon sa ya yi tashin gwauron zabi.

Ganin haka ne ya sa wasu 'yan kasuwa a Jamus su ka farfaɗo da sunan, su ka tara kuɗi a shafin Kickstarter a 2015, su ka fito da sabo. A 2018 kamfanin nasu ya karye, mutane da dama da su ka biya kuɗin wasu lens ɗin tun kafin a ƙera su ka yi asara. Kamfanin OPC Optics ya saye sunan, kuma a 2019 ya fito fili ya ce wasu lens biyu da aka riƙa sayarwa da tsada da sunan Meyer, ɗaya asalin sa na Chana ne, ɗaya na Rasha. A 2020 aka fitar da Trioplan 100 na biyu, a kan kuɗi kusan Yuro 1,000. Kai mai karatu, juya wannan zuwa naira ka ji yadda gaban ka zai faɗi. Irin sa ne furodusan ya yi haya.

Garin Yelwa ya na gabas da ruwa ne, don haka da la'asar sakaliya rana na faɗawa ne ta kan ruwan, ko'ina ya ɗau ƙyalli. Abin da Trioplan ke so kenan. An yi ciniki da wani dattijo masunci, aka sa jarumar a kwale-kwalen sa, kyamara na bakin gaɓa. Matsalar kawai, wannan haske ba ya wuce rabin awa, kuma washegari jarumar na da wani shutin a Kano.

Da tsohon aka fara. Kai! Duk wanda ya leƙa allon kyamarar sai da ya yi shiru. Ruwan ya cika da ƙwallaye, fuskar yarinyar ta yi laushi kamar an shafa mata madara, launin ya yi ɗumi. Amma da kwale-kwalen ya ɗan karkata, rana ta haska cikin gilashin kai-tsaye, sai hoton ya wanke tas kamar an watsa masa hazon hunturu, baƙin mayafin ta ya koma toka-toka. Dalili shi ne shafen da aka yi wa gilasan wancan zamani siriri ne, ba ya hana haske yawo a cikin lens, ga kuma dusashewar shekaru.

Sai babbar matsalar: saiti. Giris ɗin ciki ya daskare, zoben ya yi tauri, ga shi ta adafta aka ɗaura shi a kyamarar, ita ma ta na ɗan motsi. Kwale-kwale kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya don a saita shi. Yaron na murɗawa, kyamara na girgiza, darakta na ta sababi wai rana na tafiya. Sau biyar aka ɗauka, ɗaya ce ta fito da idon jarumar tar. Dattijon ma sai da ya tambaya wai ko injin ne ya lalace a koma gobe.

Aka sa sabon. Ya shige kyamarar daram ba adafta, zoben na juyawa sumul da yatsa biyu. Shi ma da hannu ake saita shi, kada wani ya zaci ya na yi da kan sa, amma cikin ɗauka huɗu uku sun yi. Ya fuskanci rana baƙi ya tsaya a baƙin sa. Kumfar na nan, ba ta ɓace ba. Sai dai, a gani na, hoton ya fi tsafta kuma ya fi sanyi, wannan laushin da ya sa mu ka yi shiru ɗazu ya ragu. Darakta ya ce shi bai ga wani bambanci ba, yaron ya ce shi ya gani. Na fi yarda da yaron, amma na fahimci darakta: shi aikin sa ya koma gida da waƙa cikakkiya.

Da dare a masauki na haska tocilan ta bayan tsohon. Can a gefen gilashi sai ga wani zare-zare kamar yanar gizo-gizo. Funfuna ce. Ita ke cin tsofaffin lens a duk inda danshi ya yi yawa, idan ta daɗe kuma har shafen gilashin ta ke cinyewa, ko an goge tabon ba ya fita. Mai aiki a Yauri ko Wara ta Ngaski da damina dole ya san da wannan. Sabon ma ba a toshe ya ke ba, idan aka jefa shi a jaka mai laima zai kamu. A ajiye lens a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa fito da shi ya na shan iska. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba.

Wani zai ce ai manyan duniya ma tsofaffin su ke bi. Gaskiya ne. Greig Fraser ya yi amfani da tsofaffin lens na Tarayyar Sobiyat a wasu fitowa na 'Dune: Part Two' na 2024. Amma sai da kamfanin IronGlass na Yukren ya zare gilasan ya sake masu sabon gida na zamani. Shi ma kamfanin Cooke na Ingila da ya ga ana wawason tsohon Speed Panchro ɗin sa, sai ya sake fito da shi da sunan Panchro Classic. Su can su na da masu gyara, su na da na canji idan ɗaya ya ba da matsala. Mu nan idan zobe ya cije a lokeshin, sai dai a kalli juna. Kuma tsofaffi biyu masu suna ɗaya ba lallai su ba da hoto iri ɗaya ba, kowanne da irin wahalar da ya sha.

Shawarar da na ba yaron ba ta yi masa daɗi ba da farko. Na ce kada ya sayi ko ɗaya. Lens mai lamba 100 matsattse ne, ba za ka ɗauki hira a falo ko taron biki da shi ba, na 'yan daƙiƙoƙi ne a cikin waƙa. Idan kumfar ce ta tsone masa ido, tun 2023 kamfanin TTArtisan na Chana ya fitar da mai gilashi uku irin wannan, wanda kuɗin sa bai kai dala 200 ba. Idan kuma ɗanɗanon tsohon gilashi ya ke so, ga Helios 44-2 na Rasha, wanda aka ƙera da yawan gaske har ya zama mai araha a gwanjo, shi kuma baya ya ke murɗawa kamar guguwa. Su biyun duk adaftar M42 guda ta ishe su.

Da aka zo editin, sabon ne ya ɗauki kusan duk fitowar ruwan. Ɗaukar nan guda ta tsohon, wadda ba ta wuce daƙiƙa shida ba, ita aka sa a farkon waƙar, kuma daga cikin ta aka ciro hoton fosta.

Yaron dai na Chanan ya saya, ya haɗa da makirfo mai kyau, ragowar kuɗin ya sayi wani babur na hannu. Tsohon kuma ya mayar wa maigidan sa tare da labarin funfunar. Na ji an ce maigidan ya dage wai ruwan Yauri ne ya ɓata masa kaya, ko da yake kwana biyu kacal lens ɗin ya yi a can, funfuna kuwa ba ta yin irin wannan saƙa a kwana biyu.