MURHU MAI SAUƘI: ICCE KAƊAN, TUWO YA DAHU

Ƙasar Junju, cikin jihar Doso, ƙasa ce mai albarka. Dallol Mawri ya ratsa ta, ruwa bai da nisa a ƙasa, ga rake, ga rogo, ga giginya. To amma iccen tuwo ya yi wuya. Matan Junju da Karakara da Zabori sai sun yi tafiya mai tsawo kafin su haɗa dami guda. Wadda ta rasa sai ta ƙona kara ko kashin shanu, watau takin da gonar mijinta take jira. Can kudu kuma, a Dallol Foga, masu dafa gishiri su ma icce suke nema dare da rana.

Ba yau aka fara kukan nan ba. Bayan farin 1973, gwamnati ta mai da ran 3 ga watan Agusta ranar dashen itatuwa, tun daga 1975. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Cikin shekarun da suka biyo baya aka yaɗa murhu iri biyu a Nijar. Akwai na ƙarfe, Mai Sauƙi, wanda maƙeran Yamai suka riƙa ƙerawa da tsohon kwano da ganguna. Akwai kuma na ƙasa, Albarka, wanda mace take ginawa da hannunta.

Mene ne laifin murhun duwatsu uku? Laifinsa ɓarna. In aka raba zafin wutarsa kashi 10, abin da ke shiga tukunya ba ya kai kashi 2. Sauran iska ta kwashe. Uwargida ta sha rana ta ɗauko icce, ta ƙare da dumama tsakar gida, hayaƙi kuma yana shiga idonta da ƙirjin jaririn da ke bayanta.

Gyaran bai da wuya. A kwaɓa yumɓu da kashin shanu da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa, a bar shi ya kwana biyu ya jiƙa. A dasa duwatsun nan uku, a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita, sa'an nan a gina bango kewaye da ita har wajen wuyanta. A bar ƙofa ɗaya ta sa icce. Tsakanin ƙasa da gindin tukunya kada ya wuce faɗin tafin hannu da yawa.

A nan ne yawancin masu gini suke kuskure: tsakanin bangon da jikin tukunya. Wannan ɗan fili shi ne hanyar wuta. In ya yi faɗi, zafi ya tsere sama ba tare da ya lashi tukunya ba. In ya matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya komo ta ƙofa. Kaurin yatsa guda ya isa. Saboda haka kowace tukunya da murhunta. Wanda aka gina don tukunyar tuwo, in aka ɗora masa ƴar tukunyar miya, ribar ta tafi. Shi ma Mai Sauƙi ana ƙera shi bisa lambar tukunya, mai saye ya je kasuwa da lambar a kansa.

Mai shakka ya gwada. A auna dami biyu daidai. A dafa tiya guda ta gero a tsohon murhu, gobe a dafa tiya guda a sabon, da busasshen icce da murfi bisa tukunya. A duba abin da ya rage a kowane dami.

Da yake ƙasar rake ce, akwai wata wuta da ya kamata a sani, watau ta alkol ɗin ƙonawa, wanda ake tatsa daga ruwan rake. Ba na sha ba ne, an gauraya shi da guba. A ƙasar Habasha, tun wajen 2005, an raba wa ƴan gudun hijirar Somaliya na sansanin Kebribeyah murhu mai aiki da shi. Ana iya yin ƙaraminsa da gwangwanin tumatir, a huhhuda bakinsa da ƙusa. Ya isa shayi ko kunun yaro, bai isa tuwon gida ba, don zafin lita guda ta alkol bai kai kashi 2 cikin 3 na litar kananzir ba. Dokarsa ɗaya ce da ta murhun ƙasa: a kare shi daga iska da ɗan kwano, a ɗaga tukunya kamar yatsu biyu bisa gwangwanin, a rufe ta. Sai dai a yi hattara ƙwarai. Da rana ba a ganin harshen wutarsa, kada a ƙara masa alkol sai ya mutu ya huce.

Murhun ƙasa kuwa abokin gabansa ruwan sama ne. A gina shi cikin rani, a bar shi ya bushe a inuwa kamar kwana 7 kafin a hura wuta. In ya tsage a shafe da sauran yumɓun. Kafin ruwan farko ya sauka a yi masa rumfa, ko a kife masa tsohon kwano.