Bangon da ba a gani

Duk wanda ya kalli fim ɗin Avengers: Infinity War na shekarar 2018 zai tuna yadda mayaƙan sararin samaniya suka yi dandazo a bakin ƙasar Wakanda, suna ta cin karo da wani bango mai sheƙi wanda ba na dutse ba ne, ba kuma na ƙarfe ba. Turawa na kiran wannan abu fos fild, ma'ana filin ƙarfi. Yau za mu bi sawun wannan suna, domin ba a gidan fim aka raɗa shi ba.

Asalinsa ɗakin gwaje-gwaje ne a birnin Landan. Michael Faraday ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1791, bai yi boko mai zurfi ba, a shagon ɗinkin littattafai ya koyi sana'a. Da ya zama masanin kimiyya, sai ya riƙa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda, ya sa maganaɗisu a ƙarƙashi. Ɗan girgiza takardar ke da wuya, sai garin ya jeru layi-layi, ya lanƙwasa daga wannan kai zuwa wancan. Faraday ya ce lallai akwai wani ƙarfi da ya cika wurin nan da ido ke gani fayau. A 1865 James Clerk Maxwell ya fitar da lissafin da ya tsayar da wannan magana da ƙafafunta.

To amma a lura, filin da waɗannan malamai suke nufi ba shi da katanga, ba shi da ƙofa. Yana ja ne ko ya tura, kuma ƙarfinsa na raguwa a hankali gwargwadon nisa. Babu inda mutum zai buga goshi ya ce nan ne iyakarsa. Marubuta ne suka yi masa iyaka.

A 1912 William Hope Hodgson ya wallafa The Night Land, labarin ragowar 'yan Adam da suka fake cikin wani katafaren gini bayan rana ta mutu, wata da'irar lantarki na tsare su daga dodannin duhu. Daga nan sai mujallun Amurka masu araha suka karɓa. Edward Elmer Smith, masanin sinadaran abinci ne, ya fara fitar da The Skylark of Space a mujallar Amazing Stories a 1928, kuma a labaransa jiragen sama-jannati na yaƙi suna lulluɓe da garkuwa hawa-hawa, a fasa ta waje a tarar da ta ciki. A shekarun 1930 sunan ya zauna daram a bakin masu karatu, har ba a tsayawa yi musu bayani.

Me ya sa marubuta suka rungume shi haka? Labarin The War of the Worlds ya ba da amsa. Lokacin da H. G. Wells ya fitar da littafin a 1898, maharan da suka zo daga duniyar Mas ba su da wata garkuwa, har ma sojojin Ingila suka kayar da na'urarsu guda da igwa. Da aka zo yin fim ɗinsa a 1953, Amurka na da bam ɗin nukiliya a hannu. Wane ɗan kallo ne zai ji tsoron maharin da bam ɗaya zai gama da shi? Sai masu fim suka lulluɓe jiragen da bangon da ba a gani, aka jefa musu bam ɗin, ƙura ta lafa, suka fito ko ƙwarzane babu. Makamin gaske ya yi girma, dole kariyar almara ta bi shi.

Sai dai garkuwar da babu abin da ke huda ta kashe labari take yi, kuma a nan ne ake gane gwanin marubuci. A ganina babu wanda ya kai Frank Herbert iya sarrafa wannan a littafinsa Dune na 1965. Garkuwarsa a jiki ake ɗaura ta, tana tare duk abin da ya zo da gudu, harsashi ko sara. Amma wuƙar da aka turo sannu a hankali tana ratsawa. Saboda haka mutanen da ke keta taurari da jirage suka koma koyon faɗa da wuƙa, kuma gwani shi ne mai iya rage saurin hannunsa daidai lokacin suka. A hamadar Arrakis kuwa, duniyar da labarin ke gudana a cikinta, kunna garkuwar gayyato manyan tsutsotsin yashi ne. Duk wanda ya san labarin 'yan tauri zai gane wannan tsari, domin ba a ba da maganin ƙarfe sai da sharaɗi, kuma ta wajen sharaɗin nan ake cin mai shi.

Shirin talabijin na Star Trek, wanda ya fara a 1966, shi ya shigar da abin gidajen jama'a: kyaftin ya ba da umarni a ɗaga garkuwa, wuta ta yi ta sauka, wani jami'i na faɗin yadda ƙarfinta ke raguwa.

A zahiri fa? Duniyarmu na da filin maganaɗisu da ke karkatar da ɓurɓushin da rana ke fesowa masu ɗauke da lantarki, amma ba ya tare dutsen da ya faɗo daga sama. A 1995 kuma Ady Hershcovitch, na cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka, ya ƙirƙiro wata taga ta iskar gas mai tsananin zafi da ke raba wurin da aka zuƙe wa iska da iskar waje ba tare da gilashi ba. 'Yar ƙarama ce, tana shan lantarki sosai, kuma an yi ta ne domin ayyuka irin walda, ba domin tare harsashi ba.