Abin da Mace Ke Fita da Shi Ranar da Aure Ya Ƙare

Sau da yawa aure kan ƙare mace tana da sauran rayuwa mai tsawo a gaba, ko ta hanyar saki, ko ta rasuwar maigida, wanda galibi ya girme ta da shekaru. A ranar ne ake sanin abin da ta mallaka da sunanta.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasar Nijar na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma mace kan haifi ƴaƴa fiye da bakwai. Wadda aka cire daga lakkol tana shekara 13 ta shiga goyo bayan goyo, yaushe za ta koyi ɗinki ko lissafin kasuwa? Shekarun ƙarfinta sun tafi a turmi da rijiya, aikin da ba a biyan ko dala a kansa.

Shari'a ba ta bar mace hannu rabbana ba. Sadaki nata ne, abin da ta samu da sana'arta nata ne, miji ba ya taɓa shi sai da yardarta. Amma a duba gado: idan mamaci ya bar ƴaƴa, rabon matansa tumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas. In su huɗu ne, kowace ta tashi da ɗaya cikin 32. Wannan kason ma, a ƙauyuka da dama ƴan'uwan mamaci kan riƙe gona su ce ba a raba ba tukuna, har maganar ta shiririce. Abin kunya ne a garin da ake cika masallaci. A kudancin jihar Maraɗi kuwa, inda ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, gamanar da miji kan yanka wa matarsa ita ce ta fara ɓacewa.

A nan Maraɗin ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon CARE. Mata kan zuba ɗan kuɗi kowane mako a akwati, su ranta wa junansu jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, a raba asusun bayan wasu watanni. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Batun ƙarin da ake ɗorawa kan rance, ya dace kowace ƙungiya ta kai shi gaban malami kafin ta fara zubi.