Idan Visual Studio ya ce bai san M_PI ba

Lokacin furojek ya zo, kuma masu zane da OpenGL za su ci karo da wannan jan rubutu: error C2065: 'M_PI': undeclared identifier. Kod ɗin da ya yi aiki lafiya a laftof ɗin abokinka mai Linux, ka kai shi gida Kausani ka buɗe a Windows, ya ce atafau.

OpenGL, wanda kamfanin Silicon Graphics ya fitar a 1992, ba shi da umarnin zana da'ira kai tsaye. Sai dai ka jera ɗigo-ɗigo ta hanyar cos da sin, su kuma da radiyan suke lissafi, ba digiri ba. Zagaye ɗaya pi sau biyu ne. Ka ga ba makawa sai da pi.

To, M_PI ba ya cikin ainihin ƙa'idar yaren C. Daga tsarin Unix ya fito, shi ya sa GCC a Linux ke karɓarsa ba gardama. Microsoft ma yana da shi a math.h, amma a rufe, sai ka nema.

Ga makullin. A layin farko na fayil ɗinka rubuta:

#define _USE_MATH_DEFINES
#include <cmath>

Jerin nan shi ne komai. In wani fayil da ka kira a sama ya riga ya jawo math.h, wannan layi ya zama aikin banza, don ba a karanta math.h sau biyu. Mai pch.h ko stdafx.h, can ciki zai sa shi. Mai Code::Blocks da MinGW kuwa, in ya zaɓi -std=c++11 zai iya ganin irin wannan; ya mayar da shi -std=gnu++11.

In kompailarka ta kai C++20, kira <numbers> ka yi amfani da std::numbers::pi, magana ta ƙare. In tsohuwa ce, rubuta const double PI = acos(-1.0), wannan na tafiya ko'ina.

Don Allah kar ka cusa 22/7 na sakandare. A C, 22/7 amsarsa 3 ce cif, domin lambobin cikakku ne. Da'irarka ba za ta haɗe ba, kuma kompaila ba za ta ce uffan ba. Malamin da zai duba aikinka ne zai gani.

Kafin ranar kare furojek, gwada kod ɗinka a kwamfutar da za ka nuna shi a kanta.